Kafaɗar Barewa

Barewa ta ɓace ne lokacin da aka tashi hutun rabin wasa, kowa ya fita shan iska a bakin ƙofa. Kafin a gama leƙa ƙarƙashin kujeru har an fara kallon juna ta wutsiyar ido.

Ga wanda bai taɓa shiga shagonmu ba, wasan yaƙi ake yi a kan teburi. Babban teburi ne shimfiɗe da yashi, da 'yan duwatsu da bishiyoyin roba da ba su fi ɗan yatsa ba. A kai ake jera ƙananan mutum-mutumi masu ƙafa biyu, waɗanda a labarin wasan wai kowanne ya fi gidan bene tsayi, da matuƙi zaune a ƙirjinsa. Da tef ake auna tafiyarsu, a jefa 'ya'yan lido a ga wa ya harbi wa. Kuma ba yara ke yi ba, magidanta ne masu gemu. Ni aikina fenti. Su saya, su harhaɗa, su kawo mini in yi musu kala a ɗan teburina na lungu, 'yata tana wasa a gefen ƙafata, don babanta direban babbar mota ne, ba ya zama, ni kuma ba ni da wanda zan bar wa ita da rana. Shekararta biyu da 'yan watanni. Gimbiya 'yan shagon suke ce mata.

Barewa ita ce ƙaramar mutum-mutumi a rundunar Akawu, ɗaya daga cikin 'yan wasan. Siraran ƙafafu gare ta, ba ta da sulken kirki, harbi ɗaya ya isa ya kwantar da ita. Sai dai wa zai same ta? Kafin manyan su juya ta zagaya ta bayansu ta sakar musu wuta a gadon baya. Da ita Akawu ya kai wasan ƙarshe, wanda za a buga da yammacin ranar, kuma dokarsu ce abin da ba ya kan teburi ba ya shiga yaƙi.

Shi ya sa Akawu bai yi dogon tunani ba ya nuna Injiniya, abokin karawarsa na yamma. Injiniya ya ce shi da yake da manyan da za su taka Barewa su wuce, me zai yi da wannan 'yar tsiriritar? In ana neman ɓarawo a tambayi Ɗalibi, da ya fice babu sallama, wanda kullum yake ɗaukar ta yana jujjuyawa kamar zai haɗiye. Wani ya ce ai mai fenti ma tana ciki lokacin. Ina ciki, gaskiya ne, amma na ba teburin baya, ina fama da idon wani mutum-mutumi da ya ƙi zama.

Mai Shago ya yanke magana. Babu akwatin sojojin da zai bar kantar shagon, babu mai taɓa teburin, har sai Barewa ta fito. Alƙali, dattijon da ya fara kawo wasan nan garin kuma shi ke raba gardama a kowace karawa, ya bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya yana buɗewa a gaban masu su. Babu komai. Aka watse ana ƙunƙuni, a kan za a dawo da yamma.

*

Da shagon ya yi tsit ne na lura ban ji motsin Gimbiya ba.

Tana ƙarƙashin babban teburin, ta miƙe ƙafa, hannunta a dunƙule. Na lallaɓa ta ta buɗe. Hannun Barewa ne, na dama, mai doguwar bindiga. Na gane shi don ni na ja masa jan layin nan. Ya jiƙe da yawu, duk shatin haƙori ne a jiki, kuma ɗan ramin da ke gindinsa fanko ne.

'Yan wasan nan ba sa liƙe hannu da gam. Sukan huda rami a hannu, su huda a kafaɗa, su dasa maganaɗisu a kowanne, ɗan mitsitsi da bai kai ƙwayar shinkafa ba, don su riƙa sauya makami yadda suke so. Ɗaya a hannu, ɗaya a kafaɗa.

Na durƙusa na shafa ƙasa da tafin hannuna lungu da saƙo. Na zazzage rigarta, na duba takalminta. Na ce ta buɗe baki. Ta buɗe, ta zaro mini harshe tana dariya, ta ce, "Babu."

Ban tsaya neman mayafi mai kyau ba. Na saɓe ta na fita.

*

Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta ɗaga hoton cikin ta nuna mini wani ɗan ɗigo fari tas, can a tumbi. Ta ce ga shi nan. Ta tambaye ni guda nawa ne.

Na ce ai ga shi tana gani, ɗaya ne.

Ta girgiza kai. Ta ce in biyu ne suka manne da juna, haka za su fito a hoto, kamar ɗaya. Ɗaya ba ya komai, zai bi bayan gida ya fita. Biyu kuwa in suka rabu a hanya suka sake neman juna, sai su matse hanji a tsakaninsu har su huda shi. Yanzu da yake yana tumbi ana iya zura siririn tiyo mai kyamara ta baki a ciro shi, amma sai an sa ta barci, kuma ta ji ƙirjin yarinyar, yana kuka. Na sani. Tun tana jaririya take da asma, ko a satin nan sai da muka yi ta shaƙa mata magani.

"Saboda ɗaya ba zan sa wannan ƙirjin barci ba," in ji ta. "Saboda biyu zan sa. Ki samo mini gaskiyar kafin ya bar tumbi. In ya wuce, sai dai a jira, ko a yanka."

Na kira Akawu. Ya ce shi ya dasa su da kansa, da wani gam da ya daɗe a aljihun tebur, ba zai iya rantsuwa ya kama da kyau ba. Wani sa'in in ka fizgi hannu, na kafaɗar yakan biyo shi. Sai an duba kafaɗar. Kafaɗar kuwa tana hannun ɓarawo.

Na kira Mai Shago ina kuka, na ce ya sanar da kowa: wanda ya ɗauka ya riƙe abinsa, ba na neman sunansa, ya duba kafaɗar dama kawai ya turo amsa ko ta lambar da ba a sani ba. Ya tura a zaurensu na waya. Addu'o'i suka yi ta shigowa. Amsa ba ta zo ba.

Inna ta iso da ƙanenta a bayanta. Kawu ya yi shekaru yana gadin gandun daji, yana bin sawun masu farautar sata, har gwiwarsa ta gaji aka sallame shi. Yanzu in akuya ta ɓata ko an ja babur daga ƙofar gida shi ake kira. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce shi dai ya bi barewa da yawa a rayuwarsa amma bai taɓa bin ta roba ba. Ya ce in taso, don bai san mutanen ba, ni na san su.

Ban so barin ta ba. Inna ta karɓe ta daga jikina kamar ana ɓare ɓawo, ta ce in tafi, kukana ba hoto ba ne, ba zai nuna wa likita komai ba.

*

A ƙofar shagon Kawu ya tare ni da hannu kada in taka. Ya daɗe yana kallon ƙurar dandamalin. Ya ce bayan taron ya watse wani ya dawo. Takalmi sau-ciki, mai shafaffen ƙasa, dunduniyar hagu ta cinye ta waje. Ya zo har bakin ƙofa ya tsaya, ya juya, ya sake dawowa, ya sake juyawa. Mai Shago ya ce shi bai ga kowa ba, yana ciki yana amsa waya.

Na wuce su na afka wa kanta. Duk akwatin da hannuna ya kai sai da na juye shi, na ɗaga soson da ke ƙasa, na girgiza. Mutum-mutumin da na kwashe watanni ina yi wa fenti suka zube suna karo da juna, ban damu ba. Mai Shago ya kalli fuskata, ya matsa gefe. Can sama akwai wani na katako mai ɗan kwaɗo. Ya ce wannan na Alƙali ne, tsofaffin sojojinsa ne na tarihi, mabuɗin yana wurinsa. Na bar shi. Ko a raina ban kawo komai ba.

Kawu yana kan teburin yashi, ya sunkuya har gemunsa na neman taɓa wani dutse. Ya tambaye ni me ya sa wasu zagayen shatin da gindin sojojin ya bari a yashi suke kusa da juna, wasu kuma nesa. Na ce na kusa na manyan ne, ba sa nisa a tafiya ɗaya. Na nesa na Barewa ne. Ya bi su da ɗan yatsa a iska, tsalle bayan tsalle, ta gefen wani kwari, har bayan tudu a ɓangaren taga. Nan suka ƙare.

Ya nuna mini. Shatin yatsu uku a yashi, an ɗauka a gaggauce. Wata bishiya ta faɗi ta fuskanci taga. Daga nan wani ɗan siririn layi ya gangara har bakin teburin, inda wani abu ƙarami ya mirgina ya faɗi ƙasa. Ya ce mai ɗaukar a gefen taga ya tsaya, hannun ya maƙale a bishiya ya fita, shi kuma bai tsaya nema ba, wataƙila ya ji tafiyar wani.

Ya tambayi su wa ke tsayawa a gefen taga. Ni da Mai Shago muka haɗa baki, Injiniya da Ɗalibi. Nan suka tsaya suna kallon wasan Akawu tun safe.

*

Ɗalibi yana rumfar gyaran waya inda yake kama aiki in babu karatu. Da ya hango ni sai ya miƙe, ƙaramin sukundireba a hannunsa, ya tambayi jikin Gimbiya kafin in ce komai. Idonsa ya yi ja. Ya ce ya ga abin da ake rubutawa a kansa a zauren waya.

Kawu ya zauna a bencin masu jira ya miƙe gwiwarsa, ya tambaye shi me ya fitar da shi babu sallama. Ya ce maigidansa ne ya kira, ya ce in bai zo yanzu ba ya nemi wata rumfar. Maigidan da ke ciki ya leƙo ya ce haka aka yi, kuma har yanzu bai huce ba. Kawu ya tambaye shi ko yana son Barewa. Ya ce sosai, amma ina zai kai ta? Duk garin nan wuri ɗaya ake wasan, kuma kowa ya san fentinta. In ya sace ta sai dai ya riƙa kallon ta a ƙarƙashin bargo.

Ni dai na kasa haƙuri. Na riƙe masa hannu na ce in shi ne ya faɗa mini, wallahi ba mai ji. Ya juye jakarsa a kan teburin gyaran, ya zaro aljihunansa waje. Caja, biro, rabin biskit.

Kawu ko kallon jakar bai yi ba. Ƙafarsa yake kallo. Kambas ne mai zanen ƙasa kamar tayar mota. Ya miƙe ya ce mu tafi.

A hanya Inna ta kira. Ta ce yarinyar ta yi amai sau ɗaya, likita ta ce ba lallai ne daga abin ba, amma ta sake tambaya ko an samu labari. Na ce a'a. Na ji muryar Gimbiya a baya tana kirana. Na kashe wayar, don in na ci gaba da ji komawa zan yi.

*

Injiniya yana wurin da ake gina wani bene, hular kwano a kai, ƙaton but a ƙafa duk siminti. Kawu ya kalli but ɗin, ya tambaye shi ko da shi ya je shago da safe. Ya ce da shi yake zuwa ko'ina, matarsa ma ta gaji da magana.

Na san mun yi asarar tafiya. Na zauna a kan bulo.

Injiniya ya rage murya da ya ga haka. Ya ce shi fa yana da baki amma ba ya sata, kuma da ya san inda take da ya kai ta asibitin da kansa. Sai kuma haushi ya ɗebe shi, ya koma kan Akawu. Ya ce duk wannan masifar ta maganaɗisu ce. Mutum ya shiga wasa da gajeriyar bindiga, ya laɓe bayan tudu, ya fito da doguwa, wa ya gani? An sha zargin Akawu da haka. Ya ce tsohon nan ya yi gaskiya da yake cewa maganaɗisu ƙofar ha'inci ce.

Kawu ya tambayi wane tsoho.

Injiniya ya ce Alƙali mana. Ai shi har gobe da gam yake liƙe komai, ƙam. Ko guda ɗaya babu a kayansa, cewa yake soja na gaskiya ba ya sauya hannu a filin daga. Har tsokanar sa suke yi, suna ce masa Baba Gam in ba ya kusa.

Kawu ya tambaya, shi Alƙalin in ana wasa a ina yake tsayawa.

"A gefen taga," in ji Injiniya. "Idonsa ya yi rauni, sai da haske."

Kawu ya juyo ya dube ni. Ya ce ɗazu mutum biyu muka lissafa masa. Na ce ai shi Alƙali ba a lissafa shi, alƙali ne. Ina faɗa na gane inda ya dosa.

Ya tambayi wa ya binciki akwatuna da safe. Na ce Alƙali. Ya ce in kira Mai Shago ya tara kowa yanzu, kada a jira yamma, kuma in tsaya wurin tela in karɓo masa allura da zare.

*

Mun same su sun cika shagon. Akawu a tsaye ya harɗe hannu, Ɗalibi ya rakuɓe kusa da ƙofa, Injiniya ya biyo mu da hular kwanonsa. Sauran suna tsugune suna tsince sojojinsu da na watsar. Alƙali yana zaune a kujerarsa ta gefen taga, hannayensa a kan gwiwa. Ya ce, "'Yata, ya mai jiki?" Bai ɗago ba.

Na kalli ƙafarsa. Sau-ciki ne baƙi.

Da ni kaɗai ce da na ɗauki guduma na fasa akwatinsa na katako. Kawu ya matse mini kafaɗa. Ya gaishe da kowa, ya ce shi baƙo ne, bai san wasansu ba, abu ɗaya kawai aka koya masa yau, wai har a ƙarƙashin gindin kowane soja akwai maganaɗisu mai faɗin maɓalli da ke riƙe shi a farantin ƙarfe kada ya faɗi a akwati. Akawu ya ce haka ne, Barewa ma tana da shi.

Kawu ya zura zare a allura, ya riƙe bakin zaren, allurar tana lilo. Ya kai ta jikin akwatin farko. Ta karkata ta manne. Na biyu ma haka. Wani ya yi tsaki ya ce in da wannan za a kama ɓarawo to dukkansu ɓarayi ne, ai kowa yana da shi. Kawu ya ce shi ma haka ya ji, kowa, ban da mutum ɗaya.

Ya roƙi Mai Shago ya sauko da na katakon. Mai Shago ya kalli Alƙali, ya kalli ni, sannan ya hau kujera ya sauko da shi ya ajiye a bakin teburin yashi.

Kawu ya bi murfin da allurar. Tana rataye sak. Ya bi ta gaban kwaɗon, ba ta motsa ba. Ya gangaro da ita ta gefe a hankali, har kusurwar ƙasa. Nan ta ɗaga kai kamar an kira ta, ta tafi ta liƙe a jikin katakon.

Ana jin fankar sama tana juyawa.

Kawu bai ce ɓarawo ba. Ce wa Alƙali ya yi, "Yaya, sau biyu ka zo ƙofar nan ɗazu. Ka shigo na uku."

Alƙali ya fara bayani. Ya ce ba sata ya yi niyya ba. Ya ga kamar Akawu ya sauya bindiga a bayan tudu, sai ya ɗauka a lokacin hutu don ya tabbatar da idonsa. Hannun ya fita, ya ji ana dawowa, ya jefa ta a aljihu. Kafin ya buɗe baki an fara kiran ɓarawo, an kuma ce shi ya yi bincike. Wane ido zai kalle su da shi? Ya tura ta ƙarƙashin soso a akwatinsa da ya hau ajiye tef. Da saƙon Mai Shago ya shigo waya ya taso, ya zo ƙofa, ya ga Mai Shago a ciki. Ya ce wa kansa ai likitoci sun san aikinsu.

Akawu ya fara ɗaga murya, Injiniya ya fara nasa. Na ratsa tsakaninsu na tsaya gaban tsohon na miƙa hannu.

"Baba, mabuɗi."

Ya laluba aljihu, hannunsa ya kasa kamawa. Ni na zaro masa shi.

*

Tana can ƙasan soso, a kwance ta gefe, ƙafa ɗaya ta ɗan lanƙwashe. Na kai ta taga na juya kafaɗar dama wajen haske.

Rami ne. Baƙi, fanko, da ɗan busasshen gam a bakinsa.

Alƙali ya miƙe da sauri ya ce a tsaya, yana jin kamar yana nan lokacin da ya ɗauka, yana jin ya gan shi yana ƙyalli, tabbas a cikin akwatin ya faɗi, ko a aljihunsa. Ya ce ɗaya ne ta haɗiye, in kwantar da hankalina, ɗaya ne.

Allah ya sani na so in yarda. In ɗaya ne ba za a taɓa ƙirjinta ba, zan ɗauke ta mu koma gida in yi mata wanka. Na juye akwatin a ƙasa. Tsofaffin sojojinsa suka tarwatse. Kawu ya bi soson da allura, ya bi kusurwoyin katakon, ya bi aljihun tsohon ciki da waje. Akawu da Ɗalibi suka durƙusa suna jan farantan ƙarfe a ƙasa, daga taga har ƙofa, Injiniya yana tankaɗe yashin bayan tudu da yatsunsa. Allurar ba ta motsa ba. Farantan suka taso da ƙura kawai.

Kawu ya karɓi Barewa ya kanne ido ɗaya ya leƙa ramin. Ya karkata ta a tafin hannunsa ya ɗan ƙwanƙwasa. Ƙwayoyin yashi suka zubo. Ya ce a aljihu ko a soso babu yashi. Ramin nan a buɗe yake tun tana kan teburi.

Alƙali ya koma ya zauna.

Na kira Inna na ce ta ba likita wayar.

"Biyu ne," na ce. "Ki sa ta barcin."

Injiniya ne ya kai mu a motarsa, yana danna ham tun daga bakin layi har ƙofar asibiti. Na tarar an riga an sa mata 'yar rigar nan mai igiya a baya, an ɗora ta a gado mai taya. Ta miƙo hannu in ɗauke ta. Na bi gadon ina riƙe da yatsunta har ƙofar da ba a bari a wuce, ina gaya mata barci kawai za ta yi, ina nan. Ma'aikaciyar ta zare hannunta daga nawa.

Ban san tsawon zaman da muka yi a bencin ba. Inna tana ta addu'a ƙasa-ƙasa. Kawu yana murza gwiwa. Babanta ya kira daga hanya, na miƙa wa Kawu, ya karɓa ya fita da wayar. Duk ƙofar da ta motsa sai na miƙe.

Da likitar ta fito ta sauke takunkumin fuskarta, na nemi amsa a idonta na rasa. Ta miƙo mini ɗan kwanon ƙarfe. Wani ɗan ɗigo ne a manne a tsakiya. Ta sa bakin almakashi ta tura shi, ya rabu gida biyu, sannan suka sake tsalle suka haɗe da 'yar ƙara.

Ta ce a bakin fita daga tumbi ta same su. Ta ce ƙirjin ya ba su wahala wajen tashi, numfashin ya yi ƙasa har sai da suka taimaka mata, amma ya dawo. Za ta kwana biyu a nan suna sauraren sa.

Na shiga. An sa mata robar iska a hanci, leɓenta ya bushe, idonta rabi a buɗe. Na sa kunnena a ƙirjinta. Yana kuka kaɗan-kaɗan, yana hawa yana sauka. Na bar kunnen a wurin. Can na ji 'yan yatsu suna laluben kitsona, suka kama ɗaya suka riƙe.